Shekarar da Kwamfuta Ta Riƙe Abin da Na Manta

Na san abin da kuka taso kuna ji game da barina aiki. Wasu sun ce korata aka yi, wasu sun ce faɗa na yi da Darakta, kawunku kuwa har ya koma ga Allah yana cewa sammu aka yi mini. Ban taɓa ƙaryata ko ɗaya ba, domin a lokacin kowanne daga cikinsu ya fi mini sauƙin ɗauka a kan gaskiyar. Yanzu na tsufa, ku ma kun ajiye iyali, ina so ku ji daga bakina. Inda na ɓace a labarin, mahaifiyarku Hajja Falmata tana zaune kusa da ni, ita ke mayar da ni kan hanya.

Ofishinmu shi ke kula da harkar noma a kewayen Maiduguri. Malaman gona su kawo takardun awon ruwan sama da na amfanin gona daga Khaddamari da Dusuman da sauran ƙauyuka, ni kuma in shigar da su kwamfuta in fitar da lissafi: wane iri ya dace da wane wuri, yaushe ya kamata a yi shuka. Yadda nake aikin shi ne in buɗe wata baƙar taga a fuskar kwamfutar, in rubuta umarni layi ɗaya, in danna, ta ba ni amsa, in sake rubuta wani a kan wancan. Kamar hira ce, kai da ita. Muddin tagar tana buɗe, idan ka danna maɓallin kibiyar sama sai ta dawo maka da layin da ka rubuta ɗazu, ka ƙara dannawa ta dawo da na bayansa. Amma da zarar ka rufe ta, shi ke nan, komai ya shafe. Gobe da safe za ta dube ka kamar ba ta taɓa saninka ba. Wannan bai taɓa damuna ba. Kaina ya ishe ni. Nakan zauna da safe in zuba layukan jiya ɗaya bayan ɗaya ina shan shayi, har matasan ofis su zagayo bayana suna kallo. Ina jin daɗin kallon nan, ba zan ɓoye muku ba.

A bazarar shekarar da nake ba ku labari, ina alwala a tsakar gidanmu na Limanti sai buta ta suɓuce daga hannuna. Na sunkuya in ɗauka, hannun ya ƙi. Likita ya ce hawan jini ne ya taɓa ni, amma da sauƙi. Kuma da sauƙin, domin kafin ruwan farko ya sauka hannu ya dawo, ƙafa ta dawo, bakina ya miƙe. 'Yan dubiya suka yi ta cewa wushe, wushe, wato sannu da Barbarci, Allah ya rufa asiri. Abin da ba wanda ya gani, ni ma ban gane da wuri ba, shi ne cewa sabon abu ya daina zama a kaina. Tsohon yana nan daram. Zan iya kawo muku sunayen 'yan ajinmu na firamare har da inda kowa ke zama. Amma abin da na yi jiya, wani lokacin ma abin da na yi da hantsi, sai in neme shi in rasa.

Na koma ofis aka yi mini barka. Na zauna, na buɗe tagar, ɗan ɗigon da ke nuna inda za a rubuta yana ƙyaftawa yana jira. Na san duk umarnin da ake bayarwa, wannan tsohon sani ne. Abin da ban sani ba shi ne ina na tsaya jiya. Na gama da Dusuman ko ban gama ba? Wane fayil na buɗe, wane suna na ba shi? Da farko na yi dabarar barin kwamfutar a kunne idan za a tashi, don kada tagar ta rufu. Amma wuta ba ta zama a shekarun nan, janareto muke amfani da shi, ana tashi ake kashe shi. Na yi tunanin riƙa rubutawa a takarda, sai na tuna ba wanda ya taɓa ganin takarda a gabana, kuma mu huɗu ne a ɗakin. Saboda haka kullum sai in fara daga tushe, in yi ta lalube, ina ɗaure fuska kamar mai zurfin tunani don kada a yi mini magana.

Asirina ya kusa tonuwa ranar da wasu baƙi suka zo. Masu ba da tallafin iri ne ga manoman da rikici ya raba da ƙauyukansu suka dawo gefen gari. Sun karanta rahoton da na rubuta, suna so su ga yadda na kai ga lissafin. Aka haɗa kwamfutata da majigi, baƙar tagar ta fito ƙatuwa a jikin bango. Darakta ya juyo yana murmushi.

"Malam Bukar, nuna musu. Wannan mutumin da kuke gani, kwamfutar ce ke koyo a wurinsa."

Aka yi dariya. Na ɗora yatsuna a kan madannai. Rahoton yana gabana, sunana a ƙasansa, amma wallahi kamar wani ne ya rubuta shi. Na rubuta layi ɗaya, ta ce ba ta san fayil mai wannan suna ba. Na canza sunan, ta sake faɗin haka, kuma kowa yana karantawa a bango da manyan haruffa. Na ji gumi yana bin bayana har cikin wando. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar janareto daga waje.

Madam Rahila ce ta yi magana. Abokiyar aikina ce, 'yar Biu, teburinta yana kallon nawa, kuma mun daɗe tare.

"Yallaɓai, laifina ne," in ji ta. "Jiya na kwashe fayilolin zuwa tawa kwamfutar don in duba wani abu, ban mayar ba. A ba mu zuwa gobe."

Ba ta kwashe komai ba. Mace ce da ba ta wasa da coci, ban taɓa jin ta yi ƙarya ba sai ranar, kuma saboda ni. Darakta ya harare ta a gaban baƙi, ta sunkuyar da kai ta karɓa. Ni kuwa ina zaune na bar ta da laifin.

Da aka watse, sauran suka fita cin abinci, sai ta jawo kujera ta zauna kusa da ni.

"Malam Bukar, babana ya yi irin wannan ciwon. Na san alamarsa."

"Gajiya ce kawai, Madam."

"To, gajiya ce. Amma gobe baƙin nan za su dawo." Ta rage murya. "Idan ba za ka gaya wa Darakta ba, ka sa kwamfutar ta riƙa tuna maka mana. Ba yadda za a yi ta ajiye abin da ka rubuta?"

Akwai yadda za a yi, kuma na sani. A lokacin an yanke layukan waya a garin, ba intanet ɗin da za a duba, amma na taɓa karanta shi tun da daɗewa, kuma tsohon karatu bai gudu ba. 'Yan layuka ne ake rubutawa a wani ƙaramin fayil da tagar ke fara dubawa duk lokacin da aka buɗe ta. Layin farko ya ce mata, idan kin tashi, ki karanto abin da aka ajiye. Na ƙarshe ya ce, idan za a rufe ki, ki zuba duk abin da aka rubuta yau a ma'ajiya kafin ki tafi. Ban taɓa yin sa ba domin ina ganin aikin masu raunin kai ne. Ranar na zauna na rubuta shi, Madam Rahila tana tsaye a bakin ƙofa kamar mai shan iska, don ta ga mai zuwa. Da na gama na rubuta wani ɗan lissafi, na rufe tagar, na sake buɗewa, na danna kibiyar sama. Layin ya dawo. Na daɗe ina kallonsa. Daga nan muka zauna mu biyu har la'asar sakaliya, muka sake gina lissafin rahoton, washegari na nuna wa baƙi ina danna kibiya ina bayani, suka tafi suna yabo.

Na yi makonni ina ganin na tsira. Da safe in buɗe, in yi ta dannawa sama, jiya ta dawo mini layi-layi, in ɗora daga inda na tsaya. Matsala ɗaya ce: sai an rufe tagar da hannu take ajiyewa. Idan wuta ta ɗauke tana buɗe, aikin ranar ya tafi. Don haka duk yamma, idan ta ga mai janareto ya nufi bayan ofis, sai Madam Rahila ta ƙwanƙwasa teburina da biro, ba tare da ta ɗago kai ba.

"Malam, a rufe taga."

Sauran 'yan ɗakin sun ɗauka tagar bango take nufi. Kyari ma, wanda shi ne mai bi mini a aikin, yakan tashi ya rufe ta.

Ana cikin haka aka ce mu fitar da lissafin ƙarshe, wanda a kansa za a raba irin. Wata safiya ina duba tiren takarduna sai na ga wasiƙar malamin gona na Khaddamari, yana cewa an yi kuskure, an ninka awon ruwan wata guda na bara, a gyara. Na ji daɗi da na gan ta kafin rahoto ya fita. Na rubuta umarni na raba adadin biyu, na ajiye. Sai na so in duba wani abu da na yi a makon da ya wuce, na riƙe kibiyar sama, layuka suna ta wucewa. Can sai na ga layin da na rubuta yanzu. Na ɗauka na zagayo ne. Na duba na kusa da shi, na ga ba na yau ba ne. Na ci gaba da hawa, na sake ganinsa. Na ƙara hawa, ga shi nan kuma. Wasiƙar ta daɗe a tiren. Duk lokacin da idona ya faɗa kanta sai in gan ta sabuwa, in yi murna, in raba ruwan Khaddamari biyu, in mayar da ita inda take. A lissafina, wurin da ake noman shinkafa ya koma kamar bakin hamada. Da rahoton ya fita haka, da irin gero mai jure fari za a kai wa mutanen da gonarsu ke kwana cikin ruwa, mutanen da ba su da wani iri a ɗaki sai wanda za a ba su.

Na kasa daina hawa. Na ga kaina yadda ban taɓa gani ba. Ga inda na buɗe fayil ɗaya na rufe, na buɗe na rufe. Ga inda na tambayi abu, ta ba ni amsa, na sake tambaya bayan layi kaɗan. Sannan a tsakiyar wata rana na tarar da wani layi wanda ba umarni ba ne sam. Da Hausa aka rubuta shi, ba babban baƙi, ba aya: me na zo yi nan. Ban tuna na rubuta shi ba. Na san dai abin da kwamfutar za ta amsa, cewa ba ta gane ba. Na kashe fuskar kwamfutar, na shiga banɗaki na kulle, na buɗe famfo na wanke fuska.

Ranar ban jira tashi ba. Na tari Keke mai ƙafa uku na koma gida. Mahaifiyarku tana ƙarƙashin dogon yaron tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai. Ta dube ni, ta dubi rana, ba ta tambaye ni me ya dawo da ni ba. Na zauna a bakin tabarma na gaya mata komai, ina kallon ƙasa. Tun da muka yi aure ban taɓa ce mata na kasa wani abu ba.

"Malam, ai na sani," in ji ta.

"Tun yaushe?"

"Tun makon da ka dawo daga asibiti. Ka karya kumallo, ka wanke hannu, ka shiga ɗaki ka fito ka ce yau ba za a ba ka abin kari ba ne? Sai na sake dama maka kunu."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Na ga kana ɓoyewa da dukan ƙarfinka. Na ce idan na karɓe maka wannan ma, me zai rage maka?"

Wannan magana ta fi abin da na gani a kwamfuta yi mini nauyi. Ashe duk watannin nan da nake saka babbar riga ina fita da taƙama, a gidana ana lallaɓa ni ne kamar ƙwai. Na ce mata zan ajiye aiki. Ta ajiye faifan. Ta tuna mini cewa shekarun ritayata ba su cika ba, abin da za a riƙa ba ni ba zai riƙe gidan yadda yake ba, Aisa tana jami'a, Modu yana makarantar kwana. Ba ta ce kada in bari ba. Ta dai jera mini su ne don in san abin da nake ɗauka. Na ce mata na gwammace wannan da in sa a kai wa mutane irin da ba zai fito ba. Wannan gaskiya ne, amma ba ita ce dukan gaskiyar ba. Sauran ita ce ba zan iya sake zama a ɗakin nan ba, ina jira ranar da matasan da ke zagayowa bayana za su gane.

Abin da ya rage shi ne miƙa aiki ga Kyari. Niyyata in goge ma'ajiyar layukan nan kafin ya zauna a kujerar. Umarni ɗaya ne, ƙiftawar ido. Na gaya wa Madam Rahila, ta girgiza kai.

"Idan ka goge, ta yaya zai san abin da aka taɓa? Khaddamari ka gani. Ka tabbata ita kaɗai ce?"

Ban tabbata ba. Na ce to zan tsince, in cire na shirme in bar masu kyau. Na zauna zan fara, sai na ga ba zan iya bambance su ba. Layin da ya yi kama da daidai, wataƙila shi ne karo na biyu. Ba wata hanyar gyara lissafin sai wani mai lafiyayyen kai ya bi sawuna tun daga ranar da na fara ajiyewa, ya ga kowane taku, har da inda na yi ta zagaye wuri ɗaya. Na daɗe da yatsa a kan madannai. Sannan na tashi na kira Kyari.

Mutum ne mai kunya, ga ladabi. Ni na koya masa aikin, ranar sunan ɗansa na fari ni na yi masa addu'a. Na ba shi kujerata na zauna a ta baƙi. Na gaya masa abin da ya same ni a taƙaice, na nuna masa kibiyar, na ce ya hau. Ya riƙa hawa yana rubuta abin da zai warware, ni kuma ina gefe ina kallon hularsa, domin na kasa kallon fuskar kwamfutar. Ban taɓa tsayawa tsirara a gaban mutum ba, amma ina jin haka abin yake. Duk lokacin da ya tarar da maimaici sai ya ce, "To, ga wani nan, Baba," da murya ƙasa-ƙasa, kamar shi ne ya yi laifin. Ya samo wasu wurare biyu da ban gani ba, ɗaya a Dusuman. Can sai na ji dannawar ta tsaya. Na san inda ya kai. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya danna ya wuce. Har yau idan muka haɗu a wurin ɗaurin aure ko jana'iza, yakan durƙusa ya gaishe ni, ni kuma in rasa inda zan sa idona.

Rahoton ya fita daidai, aka kai wa kowa irin da ya dace da gonarsa. Na gaya wa Darakta gaskiya, na roƙe shi da Madam Rahila da Kyari kada su faɗi dalilin tafiyata, suka riƙe alkawari, shi ya sa gari ya cike gurbin da abin da ya ga dama. Kaina ya ɗan dawo daga baya, da magani da hutu, ko da yake bai koma yadda yake ba. Abin mamaki, ranakun da na ba ku labarinsu ba su taɓa gogewa ba. Da na so su tafi, sun ƙi.

Muka sayar da filin da na saya a Dusuman don Aisa ta ƙarasa karatu. Kuɗin makarantar kwana kuwa bai samu ba. Modu, kai ne ka biya wannan. Ina zaune a zaure ranar da aka dawo da kai, Keke ya sauke ka da akwatin ƙarfenka da bokiti, kana sanye da kayan makaranta. Kai ne na ɗaya a ajinku a zangon nan. Ka ajiye akwatin a gabana, ka durƙusa ka gaishe ni, sannan ka ɗago.

"Baba, me na yi?"

Na buɗe baki, na ga idan na fara sai na faɗi duka, kuma kai ne mutum na ƙarshe a duniya da yake ganin babu abin da kaina ba zai iya riƙewa ba. Sai na ce ka shiga ciki ka gaida mahaifiyarka. Ka ɗauki akwatin ka shiga, ba ka sake tambayata ba, ko a ranar ko bayanta.

Ba ka yi komai ba, Modu. Ni ne na ji kunyar in ce maka ba ni da lafiya.